Buhun Simintin Randa

Duk wanda ya daɗe yana hawa bas ɗin da ke tashi daga bakin babbar kasuwa zuwa unguwar masana'antu ya san Randa. Ba shi ne sunan da iyayensa suka sa masa ba. Abokan aiki ne suka laƙa masa tun yana sabon direba, lokacin ma tumbin bai kai ya kawo ba, shi kuwa maimakon ya ji haushi sai ya karɓe shi hannu bibbiyu. In aka ƙwala masa kira daga ƙarshen gareji, "Randa!" sai ka ji ya amsa, "A ɗiba a sha, ba ta ƙarewa!"

Mutum ne dogo, mai faɗin kafaɗa, mai murya kamar daga cikin rijiya. Amma in ya kama sitiyari sai ka rantse ƙwai ya ɗauko. Ba ya fizgar mota, ba ya taka birki a fusace, kuma ba ya tashi sai ya ga tsohuwar da ta shigo ta zauna ta gyara jakarta. Akwai tsofaffin da sukan bar mota biyu su wuce don su jira tasa. Makanikin gareji ya ja masa kujera baya har inda ƙarfen ya ƙare, daga baya ya yanke ya ƙara wani ya yi walda. Duk da haka ƙasan sitiyarin bai daina gugar cikinsa ba, kusan kowane mako sai matarsa ta mayar masa da maɓallin riga a wuri ɗaya.

Ba haka aka haife shi ba. Ya tashi a gidan da yara suka fi abinci yawa, inda kowa ke kallon hannun ɗan'uwansa a cikin kwano. Har ya yi gemu ana iya ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga. Ranar da ya fara karɓar albashi ya shiga gidan abinci ya ci har sai da mai abincin ta zo ta tsaya a kansa tana kallo, kuma tun daga ranar ya yi wa kansa alkawari ba zai ƙara tashi daga gaban kwano da sauran yunwa ba. Ya cika alkawarin. Tsakanin sawu da sawu akwai burodi da shayi mai suga har ya yi kauri, akwai soye-soyen bakin tasha, akwai lemon kwalba mai sanyi don zafin injin da ke dukan ƙafafunsa. Daga nan sai zama, tun safe har yamma, shekara da shekaru. Da ya fara cika, 'yan'uwa murna suka yi. "Kai, hutu ya karɓe ka," in ji yayarsa, tana shafa masa kafaɗa. Babu wanda ya ce masa komai sai da ɗaure igiyar takalmi ya zama aiki.

Matarsa tana aikin guga a wani otal. Mace ce 'yar siririya, mai saurin hannu da saurin baki, shi ya sa yake kiranta Manaja. 'Ya'yansu manya sun kama gabansu a wasu garuruwa, saura ta ƙarshe, Auta, wadda ke koyon aikin haɗa magunguna. A bene suke zaune, hawa na uku, ɗaki biyu da falo.

Abin ya same shi wata ranar aiki da rana tsaka, mota cike, yana jiran danja ta ba shi hannu. Ya ji kamar wani ƙato ya ɗora masa gwiwa a ƙirji ya danna. Gumi ya keto masa, muƙamuƙinsa ya riƙe, hannun hagu ya yi nauyi. Da aka ba da hannu bai yi gaba ba, sai ya lallaɓa motar zuwa gefen titi, ya ja birkin hannu, ya buɗe ƙofofi, sannan ya juyo da ƙyar.

"Jama'a, ku yi haƙuri ku sauka. Motar lafiyarta ƙalau, direban ne ya lalace."

Wasu har sun yi dariya, kafin su ga launin leɓensa.

A asibiti aka ce ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke kai wa zuciyarsa jini ce ta toshe. Likitar zuciya, wata mata gajera mai tabarau, ba ta ɓata lokaci ba. Aka kwantar da shi a wani siririn gado wanda rabin jikinsa ke lilo a gefe, aka kashe masa wuyan hannu da allura, aka zura wata siririyar waya ta nan har zuwa zuciya. Idonsa biyu, yana kallon allon da ke sama da shi. Abin ya yi masa kama da taswirar titunan gari, ga manya ga ƙanana, ga kuma wani da ya tafi ya tafi ya tsaya cak. Likitar ta buɗa wurin, ta saka wata 'yar ragar ƙarfe don ta tokare shi. Nan take ya ga baƙin layin ya zarce, gwiwar da ke kan ƙirjinsa kuma ta ɗaga.

"An buɗe hanya, Likita?"

"An buɗe, Baba. Saura kai ka kiyaye ta."

A ɗakin jinya gadonsa na kusa da na wani mai fentin gidaje da aka yi wa irin wannan aikin a ranar. Mutumin ramamme ne ƙwarai, har yanzu da farin fenti a gefen faratansa. Randa ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai kuma Tsinke, ina kitsen ya samu wurin zama a jikinka har ya toshe maka jijiya?"

"Naka ne ya yi ambaliya ya shigo unguwarmu," in ji mai fentin.

Shi ke nan suka ƙulla. Suka riƙa tsokanar juna har nas ta zo ta ce su rage, ɗinkin wani na gefe zai warware don dariya. Tsinke ba ya iya cin abinci, cokali biyu ya ture, Randa kuwa ya share nasa yana hararar na maƙwabcinsa. Masu zuwa dubiya in sun kalli Tsinke sai su ce, "Kai ai ka warke, jikinka ba nauyi." In sun juyo kan Randa sai su ce Allah ya ƙara sauƙi, a bakin ƙofa kuma su girgiza kai. Yana ganinsu. Shi ma a ransa haka ya ɗauka, cewa in mutuwa za ta zaɓi ɗaya a cikinsu, ba sai ta yi dogon tunani ba.

Bayan an sallame su sun ci gaba da haɗuwa a layin ganin likita, suna ajiye wa juna wuri a benci. Sai wata rana Tsinke bai zo ba. Randa ya buga masa waya yana shirin ce masa iska ce ta ɗauke shi a hanya, sai muryar mace ta amsa. Ta ce ai mai gidan ya rasu. Ya koma aiki, yana cikin dama fenti a bokiti ya ce bari ya ɗan zauna, bai tashi ba.

Da layi ya zo kansa, Randa bai bari likitar ta gama duba hawan jininsa ba.

"Likita, ni da ke ɗauke da duk wannan kaya ina nan, shi da ba shi da komai ya tafi. Yaya aka yi?"

Ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce masa ba shi ne ya fara lura da haka ba, masu bincike ma sun ga wani lokaci masu jiki sukan fi ramammu jure irin wannan aikin a farkon lamari, kuma har yanzu ana gardama a kan dalili. Wataƙila don ciwon yakan kama masu ƙiba tun da sauran ƙarfinsu, wataƙila kuma wasu ramammun wata cutar ce ta riga ta cinye su a ɓoye. "Amma ka ji ni da kyau, Baba. Ƙibar nan ita ta kawo ka nan, kuma in ba ka rage ta ba ita za ta dawo da kai. Ga suga ya fara hawa."

Rabin farko na maganar ya ɗauka ya sa a aljihu, rabin ƙarshen ya bar mata a kan tebur. Da ya koma gida ya tarar Manaja ta dafa masa ganye ba mai, ba gishiri, sai ya ture kwanon.

"Likita da bakinta ta ce masu jiki sun fi jurewa. Tsinke da ba ya cin komai yana ina yanzu?"

"Maigida, ka ji tsoron Allah. Haka ta ce, ko haka ka so ka ji?"

"To ke kin je ne?"

Ba rashin hankali ba ne ya sa shi faɗin haka. Tsoro ne ya cika masa ciki, shi kuwa tun yana yaro abu ɗaya ya sani da ke kwantar da tsoro. Ga shi kuma kamfani ya sauke shi daga mota. Manajan gareji ya kira shi ya yi masa magana mai daɗi, ya ce ba za a iya damƙa rayukan mutane a hannun mai ciwon zuciya ba, Randa kuma bai yi musu ba don ya san gaskiya ce. Aka ba shi rumfar sayar da tikiti, wani ɗan akurki mai taga ɗaya wanda sai ya karkata yake shiga. Daga nan yana kallon motarsa tana fita tana dawowa a hannun wani, yana jin yadda ake cin zalin giyarta. Masu soye-soye kuwa suna nan dab da tagar, sun san abin da yake so, ba sai ya yi magana ba.

Bai cika shekara biyu ba ciwon ya dawo. Wannan karon ba faɗuwa ya yi ba, a hankali abin ya zo: in ya hau bene sai ƙirji ya riƙe, ya tsaya a kowane hawa yana yi kamar waya yake dubawa. Aka sake zura waya aka duba. Ragar ta ƙuntace, wasu jijiyoyin biyu kuma sun kusa rufewa, a wuraren da raga ba za ta yi amfani ba. Sai dai a buɗe ƙirji a yi wa jinin sabuwar hanya.

Likitan tiyata dattijo ne mai furfura, ba ya ɗaga murya. Ya duba hotunan ya daɗe, sannan ya dubi Randa.

"Malam, aikin nan ina yin sa. Amma a jikinka yadda yake yanzu, ga suga, ina tsoron abu biyu. Ƙashin ƙirjin da zan tsaga zai iya ƙin haɗewa ya ruɓe, huhunka kuma zai iya kasa karɓar numfashi in an cire maka na'urar da ke taya ka numfashi. Tunda magani yana ɗan riƙe ka, gara mu jira. Ka sauke nauyi ka dawo."

"Kamar nawa, ranka ya daɗe?"

"Ka san buhun siminti? Kusan haka."

Randa ya yi 'yar dariya. "A ina zan ajiye muku shi?"

Likitan bai yi dariya ba, Manaja ma haka.

A wannan karon ya yi da gaske, wannan kowa ya shaida. Ya daina shan suga, ya sa aka kare gefen tagar rumfarsa da ke kallon masu suya da kwali. Manaja ta mayar da gidan gaba ɗaya kan abincinsa don kada ya ji ƙamshin wani abu, har Auta ta ce in aka ci gaba haka ita ce za ta ɓace kafin Baba ya ragu. Kullum da yamma Auta takan riƙe masa hannu su taka zuwa ƙarshen layi. Amma abin ya zama tarko. An ce ya yi tafiya don ya rage nauyi, in ya yi tafiyar zuciya ta hana, in zuciyar ta yi haƙuri gwiwoyi su ƙi. Kafin su kai shagon mai aski sai ya jingina da bango, ya sa ƙwaya a ƙarƙashin harshe, yana haki, mutane na ratsa shi suna yi masa sannu.

Sikelin gida ba ya kai nauyinsa. Sai ya riƙa faɗawa ɗakin ajiyar kaya na tasha in ba kowa, ya hau sikelin da ake auna buhuna da akwatuna. Wani makon allurar ta ɗan ja baya ya dawo gida da fara'a, wani makon ta koma inda take har ta wuce, alhali bai ci komai ba. Likitar zuciya ta danna masa ƙafa da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta ce wannan ba kitse ba ne, ruwa ne, zuciyar ce ta fara gajiya. Aka ƙara masa maganin fitsari. Duk zuwan da ya yi wurin dattijon, amsa ɗaya ce: da saura.

Wata safiya ya zame a banɗaki. Bai ji ciwo sosai ba, amma ya faɗi a tsakanin bango da ƙofa, jikinsa ya tokare ta, ya kasa tashi. Manaja ta samu ta zura rabin jikinta ta kama shi ta ƙarƙashin hammata ta ja da iyakar ƙarfinta. Yana ji wani abu ya yi ƙara a bayanta, ta saki wata 'yar ƙaramar kuwwa ta durƙushe. Sai da Auta ta kira maƙwabta, aka zo da makaniki ya kwance ƙofar daga maƙalanta, maza huɗu suka ɗaga shi, ba komai a jikinsa sai tawul da 'yarsa ta jefa masa. Duk suka yi ta cewa ba komai, ai yi wa kai ne. Shi dai bai ɗaga ido ya dubi kowa ba.

Tun daga ranar Manaja ba ta ƙara miƙewa sosai ba. Takan tafi wurin guga da ɗamara a ƙugu, ta dawo tana bin bango. Ba ta taɓa ce masa shi ne sila ba, shi kuwa da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Ya ajiye aikin tikiti don hawa da saukar benen sun fi ƙarfinsa. Ya koma zaman kujera a bakin taga. Barkwancin ya ƙafe. In Auta ta tsokane shi sai ya yi murmushi don kada ta ji kunya.

Sai kuma, ba tare da wani ƙoƙari ba, abinci ya fita daga ransa. Komai ya sa a baki sai ya ji ɗanɗanon ƙarfe, loma kaɗan cikinsa ya cika. Mutumin da ya yi shekaru yana kokawa da yunwa ya wayi gari an ajiye masa kwano yana kallonsa kamar baƙo. Nauyi ya fara zubewa. Wuyansa ya fito, zoben da ya nutse a yatsarsa ya fara juyawa, wanduna suka riƙa zamewa har sai da aka huda bel. Fatar damatsansa ta saki tana reto.

Gida ya cika da murna. Auta ta ɗauke shi hoto ta tura wa yayyenta, suka bugo waya suna ta sa albarka. Manaja ta ce, "Ka gani ko, Maigida? Da ma haƙuri ne." Shi ma ya so ya yarda. Sai dai ya san ba ya iya kwanciya a miƙe sai an tara masa matasai, ya san daga kujera zuwa banɗaki yanzu tafiya ce. Ya yi shiru da wannan, don ya daɗe bai ga matarsa tana dariya ba.

Ranar komawa asibiti aka sauko da shi a hankali, yana hutawa a kowane hawa. Nas ta ɗora shi a sikeli, ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Baba, ka yi ƙoƙari!" An kai inda ake nema, har an ɗan gota. Aka yi masa hoton zuciya da gwajin jini, suka zauna jira, Manaja tana ta lissafa abin da za ta kawo masa in an kwantar da shi.

Su biyu suka tarar a ofis, dattijon da likitar zuciya. Tun daga yadda aka ja masa kujera ya gane.

"Ranka ya daɗe, na kawo buhun," in ji Randa. "Cif, har da ɗori."

Dattijon ya haɗa yatsunsa a kan tebur. Ya ce ba irin wannan ramar ya nema ba. Wannan zuciyar ce ta raunana har jiki ya fara cin kansa. Naman zuciyar da za a kai wa jinin, yawancinsa ya riga ya mutu ya zama tabo, ko an yi sabuwar hanya babu wanda za ta kai wa. In ya kwantar da shi a teburin tiyata, ba ya jin zai tashi.

"Da kun yi tun wancan lokacin fa?" Manaja ce ta tambaya.

"Wataƙila da ya tashi, wataƙila da kin rasa shi tun a lokacin. Na auna na zaɓi abin da na ga ya fi, Hajiya. Ba zan ce miki na tabbata ba."

"Da ƙiba an ce a'a, babu ƙiba an ce a'a," in ji Randa, ba da faɗa ba, kamar mai maimaita kwatancen hanya don ya riƙe. "To yanzu sai me?"

Likitar zuciya ta ce za a gyara masa magunguna don numfashi ya yi sauƙi, kuma ya ci duk abin da ransa ke so. Ya dube ta, ya ɗan yi murmushi. Babu abin da ransa ke so.

A bakin ƙofar asibiti, suna jiran Auta ta samo tasi, wani tsohon abokin aikinsa mai duba tikiti ya zo wucewa da ledar magani. Ya gai da Manaja, ya dubi mutumin da ke gefenta ya kau da kai, sannan ya sake juyowa da sauri.

"Kai! Wai kai ne? Wallahi ban gane ka ba! Ka koma saurayi! To alhamdu lillahi, jiki ya yi kyau. Don Allah me ka sha? Uwar 'ya'yana na fama da ƙiba, mun yi maganin duniya abin ya ƙi."

Manaja ta juya fuskarta wajen titi. Randa ya riƙe hannun mutumin, ya jira numfashinsa ya daidaita.

"Ka bar ta ta ci abincinta," ya ce. "Ka dai kai ta a duba mata zuciya tun tana iya hawa bene."

Mutumin ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne irin na da, ya ce zai gaya wa 'yan gareji ya ga abin mamaki.

Hawan benen ranar ya ɗauke su lokaci mai tsawo, kuma bai ƙara saukowa da ƙafarsa ba. Ya yi 'yan watanni a kujerar, ana juya masa matasai, ana shafa masa mai a ƙafafun da suka kumbura suna tsattsafar ruwa. Ya rasu wata ranar Laraba da hantsi, Manaja tana wurin aiki, Auta tana kicin tana dama masa abin da ta san ba zai sha ba.